YouVersion da tambayar alkawarin ƙasa: abin da manhajar ke iya yi wa mai bincike da Hausa

Duk wanda ya taɓa riƙe ajin nazarin Littafi Mai Tsarki ya san akwai ranar da wani zai ɗaga hannu ya karanta Joshuwa 21:43, inda aka ce Ubangiji ya ba Isra'ila dukan ƙasar da ya rantse zai ba kakanninsu, suka mallake ta, suka zauna. Daga nan sai ya koma 13:1, inda Ubangijin da kansa yake gaya wa Joshuwa cewa ya tsufa, ga kuma ƙasa mai yawan gaske ta rage ba a ci ba. Littafi ɗaya ne, sura takwas ke tsakani. Yanzu yawancin masu kawo wannan tambaya daga waya suke karantowa, kuma manhajar da aka fi gani a hannunsu ita ce YouVersion. Da wannan batu na alkawarin ƙasa aka auna ta a nan, domin batu ne da ba ya warwaruwa a aya ɗaya, yana sa mutum zirga-zirga daga Farawa har Ibraniyawa, kuma irin wannan aiki ne ke tona ƙarfin kayan bincike da rauninsa.

Manhajar ta cocin Life.Church ce da ke jihar Oklahoma a Amurka, ta fito a 2008, kyauta ce, ba talla a ciki. A 2021 masu ita suka sanar cewa an sauke ta sau miliyan 500. Ga mai Hausa, fassara biyu ne za su ɗauki nauyin aikin: Littafi Mai Tsarki, wato fassarar da ta fito wajajen 1980 ta gaji tsohuwar ta 1932, da kuma Sabon Rai Don Kowa ta 2020 daga Biblica. Sunayen wasu littattafai sun bambanta tsakaninsu: Joshuwa a ɗaya Yoshuwa ne a ɗayar, Littafin Mahukunta kuma shi ne Alƙalai. Ana iya sauke fassara a kan waya a karanta ba data, kuma wanda wayarsa ba ta da wuri akwai ƙaramar 'yar'uwarta, Bible App Lite, ta Android. Buɗe asusu ya zama dole idan ana son alamomi da rubuce-rubucen gefe su bi mutum in ya canza waya, kuma a wannan aiki su ne jarinka.

Kafin a fara karatu, a sauke fassara huɗu ko biyar: na Hausa biyu, ESV ta Turanci, sai Van Dyke ta Larabci ga wanda ya yi karatun Larabci, ko Louis Segond ta Faransanci ga mutanen Nijar da Kamaru da Chadi. Dalilin zai bayyana nan gaba kaɗan. A kuma ware launi huɗu tun farko a tsaya a kansu: kore ga ayar da ake yin alkawari, shuɗi ga wadda ke ja iyaka, rawaya ga wadda ke cewa an cika, ruwan hoda ga wadda ke cewa da saura ko ta gindaya sharaɗi. Wanda ya shafa launi yadda ya ga dama, bayan mako biyu zai buɗe Joshuwa ya tarar da ado kawai.

Iyakar ƙasar ba ɗaya ba ce

Nan ne ya kamata a fara, domin rabin gardamar da ake yi a kan cikawa ta samo asali ne daga rashin tambayar wace ƙasa ake nufi. A Farawa 12:7, a Shekem, an ce wa Ibrahim "wannan ƙasa" ne kawai, ba iyaka. A 13:14-17 an ce ya duba arewa da kudu da gabas da yamma, iya ganinsa. A 15:18 ne ta faɗaɗa: daga kogin Masar zuwa babban kogi, Yufiretis. A 17:8 kuma sai aka ce dukan ƙasar Kan'ana. Fitowa 23:31, Maimaitawar Shari'a 1:7 da 11:24, da Joshuwa 1:4 suna tare da faɗin nan mai kaiwa Yufiretis. Amma Ƙidaya 34:1-12, wadda ita ce ta fi kowace bin iyaka gari da gari, ba ta je Yufiretis ba. Ta tashi daga ƙarshen Tekun Gishiri, ta bi hawan Akrabbim da Kadesh-barneya da Azmon zuwa rafin Masar ta faɗa teku. Yamma Bahar Rum. Arewa ta bi mashigin Hamat da Zedad zuwa Hazar-enan. Gabas ta gangaro ta gefen tekun Kinneret ta bi Urdun ta koma Tekun Gishiri. Ezekiyel 47:13-20 ya kusan maimaita wannan layi. Sai kuma ta uku, wadda bakin jama'a ya fi sabawa da ita a littattafan Sama'ila da Sarakuna: daga Dan zuwa Biyer-sheba, nisan da bai wuce kilomita 240 ba, kusan tafiyar Kano zuwa Kaduna. Daga Urushalima zuwa bakin Yufiretis a Tifsa kuwa ya haura kilomita 500.

A nan babban giɓin manhajar yake fitowa: shafin karatu ba ya ɗauke da taswira. Mutum zai karanta Zedad da Zifron da Shefam da Ribla, sunaye su wuce masa ta ido kamar jerin asali, bai san ko arewa yake tafiya ko gabas ba. Bugun takarda da yawa suna da taswira a shafukan baya, kuma ga wannan batu waɗannan 'yan shafuka sun fi rabin abubuwan da ke cikin waya amfani. Maganin mai sauƙi ne: a samo taswirar yankin a buga a takarda, a ja layi uku da biro kala uku, ɗaya na Farawa 15, ɗaya na Ƙidaya 34, ɗaya na Dan zuwa Biyer-sheba. Duk ayar da ta ce "dukan ƙasar", a tambayi kai wanne layi take nufi.

Inda manhajar ta nuna gwaninta shi ne maɓallin kwatantawa. A taɓa aya, a zaɓi Compare idan wayar tana kan Turanci, sai ayar ta fito a duk fassarorin da aka jera, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. A gwada da Farawa 15:18 sannan Ƙidaya 34:5. A Ibrananci kalmomi biyu ne: na farko nahar, kogi mai gudu rani da damina, na biyu nahal, kwarin da ruwa ke bi lokacin ruwan sama kawai. Van Dyke ta raba su, nahr a ɗaya, wadi a ɗaya. Segond ta raba su. ESV ma ta raba su. A sauran fassarorin Turanci kuwa, KJV ta kira duka biyun kogin Masar, NIV ta 2011 kuma ta kira duka biyun wadi, ta sa ɗayar ma'anar a bayanin ƙasa na Farawa 15:18. Wanda ya dogara da ɗaya daga waɗannan biyu kaɗai ba zai ma san akwai abin tambaya ba. Kuma ba ƙaramin bambanci ba ne: idan Nilu ake nufi, duk arewacin Sina'i ya shiga, idan Wadi el-Arish ne, kwarin da ke arewa maso gabashin Sina'i, kamar yadda yawancin masana suka ɗauka game da Ƙidaya 34, bai shiga ba. A duba fassarorin Hausa biyu a ayoyin nan a ga inda aka sa kogi da inda aka sa rafi.

Sai dai a san iyakar maɓallin. Aya ɗaya yake jerawa a fassarori da yawa. Ba ya ajiye Joshuwa 21 a gefen Mahukunta 1. Alhali saɓanin da ake magana a kai tsakanin wurare daban-daban yake, ba tsakanin fassarori ba. A waya, dabarar da ke aiki ita ce a buɗe rubutun gefe guda ɗaya a tara masa ayoyin da ake son gwamawa, a rubuta taƙaitaccen abin da kowace ta ce. Mai kwamfuta ya buɗe shafin bible.com sau biyu a burauza ya jera su gefe da gefe. A kuma kula da lambobin ayoyi: 1 Sarakuna 4:21 a tsarin Turanci ita ce 5:1 a tsarin Ibrananci, kuma wasu fassarori suna bin na biyun.

Wani nassi da ake yawan tsallakewa shi ne Maimaitawar Shari'a 2. A aya ta 5 an hana Isra'ila taɓa Seyir, ƙasar zuriyar Isuwa, ko da gwargwadon tafin ƙafa. A ta 9 an hana su Mowab. A ta 19 an hana su ƙasar Ammonawa. Dalili ɗaya ne a duka ukun: Allah ya riga ya ba wasu. Duk wanda ya ja layi madaidaici daga Masar zuwa Yufiretis ya ce duk abin da ke ciki gādo ne, wannan sura ta tsaya masa a hanya. Haka ma jerin al'umman da ke zaune a ƙasar ba ya zama a lamba ɗaya: goma a Farawa 15:19-21, bakwai a Maimaitawar Shari'a 7:1, shida a Fitowa 3:8, biyar a 13:5, uku a 23:28. Tsofaffin malaman Yahudawa sun lura da wannan tun da daɗewa. Rashi, wanda ya rasu a 1105 a Faransa, ya ce uku na farko a jerin goma, Keniyawa da Kenizziyawa da Kadmoniyawa, su ne Edom da Mowab da Ammon, an ajiye su zuwa wani zamani mai zuwa. Ko mutum ya yarda da shi ko bai yarda ba, ya kamata ya san tambayar ba jiya aka fara ta ba. Manhajar ba za ta gaya masa haka ba, domin ba ta zo da tafsiri irin wannan ba.

An ci duka, ko da saura?

Wannan shi ne tsakiyar gardamar, kuma a nan karatun sura sukutum ya fi tsintar aya. Ayoyin rawaya su ne Joshuwa 10:40-42, 11:23, 21:43-45 da 23:14. Na ruwan hoda sun fi su yawa. 13:2-6 ta lissafa abin da ya rage: biranen Filistiyawa biyar, Gaza da Ashdod da Ashkelon da Gat da Ekron, ƙasar Sidoniyawa, da dukan Lebanon har mashigin Hamat. 15:63 ta ce Yahuza ba su iya korar Yebusiyawa daga Urushalima ba. 16:10 ta ce Kan'aniyawa sun ci gaba da zama a Gezer. 17:12-16 ta kawo Manassa da kukansu game da karusan ƙarfe. 18:2-3 ta ce kabila bakwai ba su ma karɓi rabonsu ba, Joshuwa yana yi musu faɗan sanyin jiki. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne sura ta 23: a jawabi guda, bakin mutum guda, aya ta 4 da 5 na maganar al'umman da suka rage, ta 13 na gargaɗin za su zama tarko, ta 14 kuma ta ce ko kalma ɗaya ba ta faɗi ba cikin alkawaran Allah. Wanda ya tsara littafin ya ga duka biyun ya bar su tare. Ba sakaci ba ne da wani mai waya ya gano bayan shekaru dubbai.

Hanya uku ake bi wajen bayani, kuma ba dole ne ɗaya ta kore sauran ba. Ta farko: cin sarki a fagen fama daban, zama a garinsa daban. Joshuwa 12 ta jera sarakuna 31 da aka ci, ciki har da na Urushalima a aya ta 10 da na Gezer a ta 12, amma Urushalima sai zamanin Dawuda ta shigo hannu, a 2 Sama'ila 5:6-9, Gezer kuma Fir'auna ne ya ci ta ya ba 'yarsa, matar Sulemanu, a 1 Sarakuna 9:16. Fitowa 23:29-30 da Maimaitawar Shari'a 7:22 sun riga sun ce kaɗan-kaɗan za a yi, ba a shekara ɗaya ba, don kada ƙasar ta zama kufai namun jeji su yi yawa. Ko yaƙin Joshuwa ma ya ɗauki lokaci: Kalibu yana da shekara 40 a Kadesh-barneya, 85 lokacin rabo, a cire 38 na Maimaitawar Shari'a 2:14 daga 45, saura kusan shekara bakwai.

Ta biyu: salon labarin yaƙi na wancan zamani. A kan dutsen Fir'auna Merneptah, na wajajen 1208 kafin haihuwar Almasihu, wanda Flinders Petrie ya tono a 1896, an rubuta cewa Isra'ila ta zama kango, irinta ya ƙare. Mesha sarkin Mowab, a dutsensa na wajajen 840 da ke gidan tarihi na Louvre a Faris, ya ce Isra'ila ta hallaka har abada. Dukansu sun san Isra'ila na nan. Haka ake faɗar babbar nasara a lokacin. A cikin Joshuwa ma ana ganin haka: 10:36-39 ta ce an ci Hebron da Debir ba a bar kowa ba, 15:13-17 kuma ta nuna Kalibu da Otniyel suna sake yaƙi a wuraren nan biyu.

Ta uku ita ce ta masu nazarin tarihin nassi, bin sahun irin su Martin Noth a aikinsa na 1943: cewa an haɗa labarai daga tushe daban-daban, na kabila-kabila a Mahukunta 1 da na gamayyar ƙasa a Joshuwa 10 zuwa 12. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce jimla guda da ta zo sau biyu da suna daban: Joshuwa 15:63 ta ɗora gazawar Urushalima a kan Yahuza, Mahukunta 1:21 ta ɗora ta a kan Biliyaminu, bayan 1:8 ta ce Yahuza sun ci birnin sun sa masa wuta. Masu daidaitawa suna amsawa da cewa birnin a kan iyakar kabilun biyu yake, kamar yadda Joshuwa 15:8 da 18:16 suka nuna, kuma 18:28 ta lissafa shi cikin biranen Biliyaminu. A ganina wannan amsa ta warware batun suna, amma ba ta gama da 1:8 ba sai an ƙara zaton cewa Yebusiyawa sun dawo, ko kuma kagarar ba ta faɗi ba. Nassin bai faɗi ko ɗaya ba, kuma malamin da ya gabatar da zato a matsayin aya ya cuci ɗalibansa.

Tsarin manhajar kansa yana da hannu wajen ƙara wa irin wannan tambaya zafi. An gina ta ne a kan aya: ayar yau, aya a kan hoto, aya a tura wa aboki. Joshuwa 21:45 tana kyau ƙwarai a kan hoton faɗuwar rana, ba wanda zai sa 16:10 a wurin. Ƙa'idar da za a kafa wa kai ita ce kada a shafa wa aya launi sai an karanta surarta daga farko zuwa ƙarshe. Sauraron murya, a fassarar da take da shi, yana taimakawa a nan, domin mai karatu ba ya tsallake jerin garuruwa yadda ido ke yi.

Inda sai an fita daga manhajar

Wasu ƙulle-ƙullen ba sa kwancewa da fassara ko nawa aka jera, domin bambancin yana cikin tsofaffin kofe ne. Farawa 15:13 ta ce shekara 400, 15:16 ta ce tsara ta huɗu, Fitowa 12:40 ta ce zaman Masar shekara 430 ne, Bulus kuma a Galatiyawa 3:17 ya ƙirga 430 daga alkawari zuwa Shari'a, wato har da zamanin Ibrahim da Ishaku da Yakubu. Tsohuwar fassarar Helenanci, Septuwajinta, da Attaurar Samariyawa duk suna da ƙarin "da ƙasar Kan'ana" a Fitowa 12:40. A yi lissafi: Ibrahim ya shiga Kan'ana yana da 75, ya haifi Ishaku yana da 100, shekara 25 ke nan, Ishaku ya haifi Yakubu yana da 60, Yakubu ya tsaya gaban Fir'auna yana da 130. Jimla 215, rabin 430 daidai. Haka ma Mahukunta 1:18: Ibrananci ya ce Yahuza sun ci Gaza da Ashkelon da Ekron, Helenanci ya ce ba su ci ba, kuma na biyun ne ya fi dacewa da aya ta 19 da 3:3. Wasu fassarorin Turanci suna nuna irin wannan a ɗan bayanin da ke maƙale da ayar, don haka duk ƙaramar alama da aka gani a jikin aya a taɓa ta.

Don bin kalmar asali kuwa, sai an ƙetare zuwa STEP Bible da aka fara a Tyndale House a Kambirij, ko Blue Letter Bible, dukansu kyauta. Ana bukatar hakan ga "har abada" na Farawa 13:15 da 17:8. Kalmar olam ce, lamba 5769 a jerin Strong, wanda ya ba kowace kalmar asali lamba. Ita ce aka yi amfani da ita ga bawan da aka huda wa kunne a Fitowa 21:6, wanda bautarsa ke ƙarewa da ransa, da kuma firistancin gidan Eli a 1 Sama'ila 2:30, wanda aka janye a cikin ayar kanta. Ita ce kuma ake faɗa wa Allah a Zabura 90:2. Kalmar kaɗai ba ta yanke hukunci, mahallinta ne ke yi. Binciken kalma a fassarar Hausa ba zai maye gurbin wannan ba: "ƙasa" na iya zama gari, ko turɓaya, ko ƙarƙashi, sakamakon zai yi yawa ya rasa amfani. Gara a nemi "gādo", "rantse", "mallaka" ko sunan wuri, a kuma sa allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ, kamar na Hausa a Gboard, a gwada rubutun da lanƙwasa da kuma babu.

Batun sharaɗi shi ne inda ra'ayoyi suka fi rabuwa. A Farawa 15 an yanka karsana da akuya da rago, kowanne ɗan shekara uku, aka raba biyu, barci mai nauyi ya kwashe Ibrahim, tanderu mai hayaƙi da harshen wuta ne suka ratsa tsakanin naman. Irmiya 34:18-19 ta nuna cewa wanda ya ratsa shi ne ya ɗauki rantsuwa, ga shi Ibrahim bai ratsa ba. Amma Farawa 17:9-14 ta kawo kaciya, 22:16-18 da 26:5 sun ce saboda biyayyarsa ne. Firistoci 18:28 ta ce ƙasar za ta amayar da su yadda ta amayar da na gabansu, 25:23 ta ce ƙasar ta Allah ce, su baƙi ne a wurinsa, Maimaitawar Shari'a 28:63-64 ta yi maganar tumɓukewa. Hakan ya faru: Samariya ta faɗi a 722, Urushalima a 586 kafin haihuwar Almasihu. Duk da haka Firistoci 26:40-45 da Maimaitawar Shari'a 30:1-5 sun bar ƙofar komowa, Irmiya kuma ya sayi gona a Anatot da shekel 17 na azurfa sojojin Babila na kewaye da birni. Mafi yawan masu sharhi suna raba abu biyu: kyautar ga zuriya tana nan, zaman kowace tsara a kai kuwa da sharaɗi.

Daga nan hanyoyi ke rabuwa da gaske. Masu bin tsarin da bayanan da Scofield ya sa a bugunsa na Littafi Mai Tsarki na 1909 suka yaɗa suna cewa ba a taɓa cika iyakar Farawa 15 ba, domin mulkin Sulemanu har Yufiretis a 1 Sarakuna 4:21 na karɓar haraji ne, ba na zama ba, saboda haka cikawa na gaba. Masu tauhidin alkawari suna nuna 1 Sarakuna 8:56 da Nehemiya 9:8 su ce an cika, Sabon Alkawari kuma ya faɗaɗa shi: Romawa 4:13 ta kira Ibrahim magajin duniya, Ibraniyawa 4:8 ta ce Joshuwa bai ba su hutun ƙarshe ba, 11:13-16 ta ce kakanni sun mutu ba su karɓa ba suna begen ƙasa mafi kyau. Istifanas a Ayyukan Manzanni 7:5 ya ce Ibrahim bai sami ko taki ɗaya ba, abin da ya mallaka, bisa Farawa 23, shi ne kogon Makfela da filinsa, da ya saya a hannun Efron Bahitte da shekel 400. Na ɓangaren farko sai su amsa da Romawa 11:29, wadda ta ce Allah ba ya janye baiwarsa da kiransa. Wannan ya shafi manhajar kai tsaye, domin tsare-tsaren karatun da ke cikinta coci-coci da ƙungiyoyi dabam-dabam ne ke rubuta su, kowa da mazhabarsa, kuma ba a manna wa tsari takardar cewa na wane ɓangare ne. A duba sunan mai wallafa kafin a fara, kada kuma a ɗauki tsarin kwana biyar a matsayin hukuncin ƙarshe a kan gardamar ɗaruruwan shekaru.

Musulmin da ke son sanin abin da nassin ya ce da bakinsa, don kwatanta shi da Suratul Ma'ida aya ta 21 zuwa 26 inda Annabi Musa ya umarci mutanensa su shiga ƙasa mai tsarki suka ƙi, zai sami labarin a Ƙidaya 13 da 14, kuma Van Dyke a gefen Hausa za ta sauƙaƙa masa bin sunaye. Wanda kuma yake neman manhajar ta raba masa gardamar siyasar yankin ta yau, ba aikinta ba ne. Abin da za ta iya shi ne ta sa masa Ezekiyel 47:22-23 a gabansa, inda aka ce baƙin da suka zauna suka haihu a ƙasar su sami gādo tare da kabilu, ayar da ba kasafai ake jin ta a irin wannan muhawara ba.

Ga karatu da tara nassi da gwama fassarori, manhajar ta cancanci wurinta a waya, kuma samun fassarar Hausa biyu kyauta a aljihu ba ƙaramin abu ba ne ga mai wa'azin ƙauye da kantin littattafai ya yi wa nisa. Ga bincike irin na wannan batu kuwa, ita kaɗai ba ta isa ba: tana bukatar taswirar takarda a gefe, da STEP ko Blue Letter don kalmomin asali. Mai shirya darasi ya ware zama huɗu: na farko Farawa 12, 13, 15 da 17, na biyu Ƙidaya 34 da Maimaitawar Shari'a 2 tare da taswira, na uku Joshuwa 10 zuwa 13, 21 da 23 da Mahukunta 1 zuwa 3:6, na huɗu Firistoci 25 da 26, Nehemiya 9 da Ibraniyawa 4 da 11. Zama na uku ya fi sauran nauyi, in lokaci ya ƙure a raba shi biyu. Rubutun gefe kuma a duba a tabbatar an sa shi a kan na sirri kafin a adana, idan ba a son abokai a manhajar su karanta tambayoyin da ba a gama tunani a kansu ba.